Hellcat ko Scat Pack: ƙarin dala 20,000 ya cancanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. A Dallas nake zaune, a nan nake aiki. Na daɗe ina son motar Dodge Challenger, yanzu kuma Allah ya hore. Na ga na hannu guda biyu, duk ƙirar 2019 kuma otomatik: Scat Pack mai faɗin jiki da ake kira Widebody, da Hellcat mai jiki na yau da kullum. Tazarar kuɗinsu ta kusa dala 20,000. Abokai suna cewa in za a yi, a yi mai gaba ɗaya, wai darajar Hellcat ba ta faɗuwa tun da an daina ƙera ta. Da ita zan riƙa zuwa aiki, nan da 'yan shekaru kuma ina so in turo ta Abuja. Ƙarin kuɗin ya cancanta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sa albarka a abin da ka tara, ya kuma tsare hanya. A yadda ka bayyana halinka, ɗauki Scat Pack ɗin, ka bar dala 20,000 ɗinka inda suke. Na daɗe hannuna na cikin injinan Amurka masu silinda takwas, kuma Hellcat tana cikin motocin da nake so har zuciya, don haka kada ka ɗauka raini ne. An ƙera ta da gaske. Matsalar ita ce abin da ƙarin kuɗin ke saya, mai fita aiki da safe ya dawo da yamma ba ya samun inda zai more shi, alhali ɗawainiyarsa kullum tana wuyansa.

Mu buɗe bonet tukuna. Scat Pack tana ɗauke da injin HEMI mai lita 6.4, wanda ake wa laƙabi da 392, ƙarfinsa doki 485. Da kansa yake shaƙar iska, ba abin da ke tura masa. Injin Hellcat ya ɗan gaza shi girma, lita 6.2 ne, amma an ɗora masa sufacaja a ka, wato famfon da bel ke juyawa yana danna iska cikin silinda da ƙarfin tsiya. Iska ta ƙaru, kwamfuta ta ƙara mai, wuta ta ƙaru. Da ta fito a 2015 doki 707 take bayarwa, a 2019 aka kai ta 717. Tazarar doki 232 ke nan tsakanin motocin da ka gani, kuma wannan tazarar kaɗai ta fi ƙarfin injin Camry mai silinda huɗu gaba ɗayansa. Ƙarfin murɗa taya ma ya fi na Scat Pack da kusan kashi 40 cikin 100. A kan takarda babu gardama.

To amma duk ƙarfin nan ta ina yake sauka ƙasa? Ta tayoyin baya guda biyu, ba ta wani wuri ba. Challenger mai silinda takwas tayoyin baya ne kaɗai ke tura ta, nauyinta ya kai tan 2, kuma fiye da rabin nauyin a gaba yake inda inji ke zaune. Taya tana da iyakar abin da za ta iya riƙewa kafin ta fara sulɓi. Idan ka wuce wannan iyaka, sauran ƙarfin hayaƙi yake zama, ko kuma kwamfutar motar ta ji taya na zamewa ta rage wuta da kanta. Ko Scat Pack, ka taka totur har ƙasa daga tsaye, tana iya sakin tayoyinta a giyar farko. Ma'ana doki 485 ɗin ma sun riga sun kai bakin abin da kwaltar gari ke ɗauka. Ƙarin 232 ɗin ba su da wurin zama sai mota ta riga ta miƙe da gudu, giya ta hau sama, sannan taya ta iya riƙe su.

Ga kuma abin da abokanka ba su lura da shi ba. Hellcat mai jiki na yau da kullum faɗin tayarta milimita 275 ne. Scat Pack Widebody tata 305 ce, a kan wili mai faɗin inci 11. Wato motar da ta fi araha a cikin biyun ita ce ta fi roba a ƙasa. Bayan taya, Widebody ta 2019 ta zo da birkin Brembo mai fistin shida a gaba, irin na Hellcat, da shokazoba na Bilstein waɗanda ake tsananta su ko a sassauta da maɓalli. Kayan da ke sa mota ta tsaya, ta sha kwana, ta zauna daram a hanya, waɗanda direba ke jin amfaninsu kowace rana, ka riga ka same su ba tare da ƙarin kuɗin ba. Gabanta ma ya fi sauƙi tun da babu sufacaja da tarkacen sanyaya shi, shi ya sa a hanya mai lanƙwasa take fi biyayya ga sitiyari. Da Scat Pack mai siririn jiki ce ka gani, mai taya 245 da birki mai fistin huɗu, da na ce tazarar kayan aiki tana da yawa. Wannan da ka samu ba haka take ba.

Ina bambancin yake fitowa? A filin tsere mai miƙaƙƙen layi, rubu'in mil, wato kimanin mita 400. Dodge ta ce Hellcat tana cinye shi cikin daƙiƙa 11.2 da tayoyinta na kamfani, Scat Pack Widebody kuwa daƙiƙa 12 da ɗan kai. Daƙiƙa guda a wannan fage abu ne babba, tsawon motoci da yawa ne, kuma wanda ya san tsere ba zai raina shi ba. Ƙarshen gudun Hellcat mil 199 ne a awa, kusan kilomita 320. Yanzu ka tuna inda kake zaune. Hanyar da doka ta fi sakin mara a duk Amurka tana jiharku, wani yanki na babbar hanya mai lamba 130 a kudu da Ostin, kuma iyakarta mil 85 ne. Duk motocin biyu suna kai wannan kafin ka gama gyara zama. Tsere a kan titi laifi ne a Teksas, tun 2023 ma an ƙara tsaurara doka har ana iya kama motar a ƙwace. Kai kuma baƙo ne mai zama da takardu, laifin da ɗan ƙasa zai biya tara ya wuce, kai yana iya taɓa zamanka. Ban da haƙƙin rayukan mutanen da ke kan hanya, wanda ya fi komai nauyi.

Kamfanin da kansa ya san abin da ya ƙera. Makulli biyu yake bayarwa da Hellcat, ja da baƙi. Baƙin yana tsayar da inji a doki 500, jan ne ke sakin duka. Ka dubi lambar nan da kyau: 500 ne adadin da injiniyoyin suka ga ya dace a miƙa wa wanda ba a gama amince wa hannunsa ba, kuma tsakaninsa da 485 na Scat Pack babu wani abin a zo a gani. Sannan a lokacin da ake ƙera ta, duk wanda ya sayi sabuwar mota mai tambarin SRT, wato tambarin motocin gudu na Dodge irin Hellcat, akan haɗa masa da horon yini guda a makarantar koyon tuƙin tsere da ke Arizona. Ba don ado suka yi hakan ba. Ranar da aka yi ruwa, ko da sanyin safiya lokacin da robar taya ta ƙage, ɗan ƙarin taki a kwana ya isa ya juyar da bayan Hellcat. Mutane da yawa da na sani masu ita, bayan ɗokin farko ya wuce, a hankali suke lallaɓa ta kamar kowace mota.

Sai in yi mata adalci, don tana da haƙƙi. Kuɗin Hellcat ba na tambari ba ne kawai. Fistin ɗinta da sandar da suke juyawa ƙarfe ne da aka ƙera da duka don su jure matsi. An rage matsewar silinda zuwa 9.5 don ta karɓi iskar da ake turawa, alhali ta 392 tana 10.9. Giyabos ɗinta mai giya takwas ya fi na Scat Pack ƙarfi, haka ƙarafan da ke kai juyi tayoyin baya. Tana da hanyar ruwa ta daban da ke sanyaya iskar da sufacaja ya matse. Juya sufacajan kaɗai yana cin kusan doki 80 kafin sauran su isa taya. A 2015, da kimanin dala 60,000 mutum ya samu doki 707 da garanti, a mota mai kujerun baya da but na gaske, lokacin da irin wannan ƙarfi a motar Italiya ko Jamus sai an ninka kuɗin sau uku ko fiye. Ga kukan nan na sufacaja idan ya ɗauka, wanda duk mai son inji in ya ji sai tsigar jikinsa ta tashi. Wannan duka gaskiya ne.

Saboda haka akwai mutumin da zan ce masa ya saye ta kai tsaye: wanda yake da wata motar zuwa aiki, yake da garejin da ake kullewa, zai biya kuɗinta ba tare da bashi ba, kuma ya san zai riƙa kai ta fili. Kusa da kai akwai Texas Motorplex a garin Ennis, kudu da Dallas, inda mutum zai shiga da hular kwano ya taka iya takawarsa bisa ƙa'ida. Wanda zai yi haka ya sayi abin da zai yi amfani da shi. Kuma ga gargaɗi a nan, tun da na san shawarar da za ta biyo baya: kada wani ya ce maka ka sayi Scat Pack daga baya ka ɗora mata sufacaja na kasuwa ka kamo Hellcat da araha. Fistin ɗin 392 ba a yi su don wannan matsi ba, zoben da ke jikinsu ne ke fara kawo matsala, kuma ranar da ɗaya ya tsage kuɗin gyaran zai cinye duk abin da kake ganin ka rage. Mai son doki 700 ya sayi wadda aka ƙera da doki 700. Mai Scat Pack ya bar injinta yadda yake.

Yanzu ɗawainiya. Sayen ingarma ba shi ne wahala ba, harawa da dawa da mai kula da shi su ne ke gwada mutum. Abin mamaki, mai ba shi ne babban bambanci ba. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, Hellcat otomatik tana yin mil 13 da galan guda a cikin gari, 22 a babbar hanya. Scat Pack tana yin 15 a gari, 24 zuwa 25 a hanya, saboda idan tafiya ta daidaita tana kashe silinda huɗu ta yi aiki da huɗu, abin da Hellcat ba ta yi. Mai yin mil 12,000 a shekara, bambancin bai kai galan 100 ba. Wannan idan ƙafarka tana da kunya ke nan. In ka danne totur ɗin Hellcat ba sassauci, tankinta mai lita 70 ba zai kai minti 15 ba. Dukansu kuma mai mai tsada suke sha, ba na gama-gari ba.

Taya ce ke cin kuɗi a ɓoye. Roba ce mai laushi, kuma tayoyin bayan Hellcat ba sa daɗewa a hannun wanda ke jin daɗin motarsa. A nan zan gaya maka gaskiya, tayar 305 ta Widebody ita ma ba araha gare ta ba, haka fad da farantin birkin Brembo, kuɗinsu kusan ɗaya ne a motocin biyu. Bambancin shi ne saurin cinyewa. Sai kayan da Hellcat ke da su ita kaɗai: sufacaja da bel ɗinsa, famfon ruwan sanyaya iska, ƙarin lagireto a gaba. Kowane ɗaya abu ne da zai iya lalacewa, kuma motar 2019 ta fita daga garantin inji, wanda shekara 5 ne ko mil 60,000. Duk abin da ya taso daga aljihunka ne.

Abin da ya fi duka nauyi a Amurka shi ne inshora, kuma dalilinsa sata ce. A 2023 cibiyar Highway Loss Data Institute, wadda ke tattara alƙaluman kamfanonin inshora, ta bayyana cewa Charger Hellcat ƙirar 2020 zuwa 2022, wato 'yar uwar taka mai ƙofa huɗu, ana sace ta fiye da sau 60 a kan matsakaiciyar mota. Charger mai sauran injinan HEMI ce ta biyu, Challenger ma tana sahun gaba. Ɓarayin ba sa buƙatar makullinka, na'ura suke haɗawa su shirya sabo cikin 'yan mintuna. Abin ya kai a 2021 Dodge ta fitar da gyaran kwamfuta wanda idan ba a danna lambobin sirri huɗu ba, inji ba zai ba da ko doki 3 ba. Ka lura, Scat Pack ba ta tsira ba, ita ma ana farautar ta. Amma Hellcat ce abin nema na farko, saboda injinta da giyabos ɗinta kaɗai suna da kasuwa. Motar da za ta yini a filin ajiye motoci na wurin aiki, ta kwana a buɗaɗɗen wuri a gidan haya, wannan lissafi ne da dole ka yi. Kafin ka sake magana da dillali, karɓi lambar jikin kowace mota, mai harafi da lamba 17, ka kira kamfanin inshora su ba ka farashin kowacce a rubuce. Shekarunka da unguwarka da tarihin tuƙinka ne za su yanke adadin, shi ya sa ba wanda zai iya faɗa maka shi daga nesa. Ka ninka bambancin da shekarun da za ka riƙe motar, ka ɗora a kan dala 20,000 ɗin. Idan kuma ƙarin kuɗin sai ka ci bashin banki mai ruwa za ka cike shi, to maganar ta ƙare tun daga nan.

Mu zo kan maganar abokanka, cewa ba ta faɗuwa. Na san inda wannan zance ya samo asali, kuma yana da tushe. A 1970 da 1971, mai sayen Challenger ko 'yar uwarta Plymouth Barracuda yana iya ƙara kuɗi a sa masa injin 426 Hemi mai doki 425. A Challenger ƙarin ya kusa dala 800, a kan motar da kuɗinta dala 3,000 ne da 'yan ɗaruruwa. Mutane ƙalilan ne suka biya. Daga nan kamfanonin inshora suka tsawwala wa irin waɗannan motoci, dokokin hayaƙi suka tsananta, aka daina injin bayan 1971, takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973 ya ƙarasa binne zamanin. Shekaru suka shuɗe. A 2014 aka sayar da Hemi 'Cuda, wato Barracuda mai wannan injin, ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a gwanjon Mecum a kan dala miliyan 3.5. A 2023 wata baƙar Challenger ta 1970 da ake kira Black Ghost, wadda wani ɗan sandan Detroit ya mallaka, ta haura dala miliyan 1. Duk mai cewa ka sayi babbar don gaba, waɗannan yake hange.

Sai dai dalilin tsadar waɗancan shi ne ƙaranci. Irin waccan 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi da aka ƙera a 1971 ba su kai 15 ba. A zamanin ba wanda ya ɗauke su kayan ajiya, an tuƙa su, an yi haɗari da su, tsatsa ta ci saura. Hellcat kuwa an yi ta ƙera ta daga 2015 har Disamban 2023 da aka rufe layinta a masana'antar Brampton ta Kanada, dubbai kowace shekara. An sa injin a Charger, a Jeep Grand Cherokee Trackhawk, a Durango, a Ram TRX. Kuma kowa ya ji labarin gwanjon nan, don haka akwai tarin mutanen da suka saya suka lulluɓe a gareji ba su ko cire ledar kujera ba. Idan ranar tsada ta zo, waɗannan ne za su ci kasuwa, su da irin Challenger ta musamman da ake kira Demon ta 2018 da aka ƙayyade ta a guda 3,300, da Demon 170 ta 2023 mai doki 1,025. Hellcat ta yau da kullum, ta hannu, wadda ake zuwa aiki da ita mil yana hawa, mota ce kamar sauran motoci. Tana iya riƙe daraja fiye da wasu, ban musa ba, Scat Pack ma tana riƙewa. Tashin farashin da aka gani a 2021 da 2022 kuwa kusan duk motocin hannu ya shafa, saboda ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta ya tsayar da masana'antu. Kada a gina lissafin shekaru a kan wannan.

Batun turo ta Abuja shi ne ya ƙara min ƙarfin gwiwar hana ka. Fara da mai. Lambar oktan, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi, da kake gani a famfon Amurka da wadda ake aiki da ita a Najeriya ba ma'auni ɗaya ba ne. Hellcat tana buƙatar 91 na Amurka, wanda ya yi daidai da kusan 95 a ma'auninmu. Gidajen man gida galibi fetur iri ɗaya suke sayarwa, kuma ƙarfinsa ya fi kusa da na gama-garin Amurka mai lamba 87. Idan oktan ya gaza, wani ɓangaren man yana fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, ya doki fistin. Kwamfuta tana jin wannan ƙwanƙwasar ta ja wuta baya don ta kare inji, wato dokin da ka biya kuɗinsu sun ragu tun kafin ka fita daga gidan mai. Amma kariyar tana da iyaka. Haɗa raunin mai da zafin watan Maris da Afrilu, da iskar da sufacaja ya matse ta ƙara zafi, sannan direba ya danne totur a hanyar filin jirgi: haka inji ke bugawa. Ka kuma tuna Fabrairun 2022, lokacin da gurɓataccen fetur mai yawan metanol ya shigo ƙasar ya lalata motocin mutane. Injin da ke aiki a bakin iyakarsa shi ne ke fara jin irin wannan. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, cika tankin lita 70 ya zama abin da ake tunani kafin a yi.

A nan dole in faɗi abin da ya rage wa shawarata ƙarfi. Scat Pack ma mai mai kyau take so, matsewarta ta 10.9 ba wasa ba ce. Ta fi Hellcat haƙuri nesa ba kusa ba, tun da ba a tura mata iska mai zafi, amma ba don man gida aka yi ta ba. Wadda ta fi dacewa da Najeriya a gidan Challenger ita ce R/T mai lita 5.7, doki 370 da ɗoriya. Otomatik ɗinta tana karɓar man 87, injinta kuma shi ne a Ram 1500 da Grand Cherokee da Chrysler 300, don haka bakanike a Apo ya taɓa buɗe irinsa, kayansa ma ana iya dacewa da su a Ladipo ko Ƙofar Ruwa. Kayan Hellcat sai an yi oda daga waje, mota na zaune makonni. Ga gaban motar a ƙasa yake, kowane tudun rage gudu da kowane rami barazana ne ga bamba, siririyar taya a kan wilin inci 20 kuma rami guda ke kumbura ta. Iyakar gudu a manyan hanyoyinmu kilomita 100 ne. Tun 2022 kwastan suna ƙiyasta haraji da lambar jikin mota, lambar kuma tana faɗin wane inji ne a ciki, don haka ƙarin kuɗin zai sake biyo ka a tashar Legas. Ranar sayarwa kuma, masu iya saye da riƙe Hellcat a Najeriya 'yan kaɗan ne. In ni ne kai, zan more Scat Pack a Dallas, idan lokacin komawa ya yi in sayar da ita a can inda take da kasuwa, in sayi wadda ta dace da hanyar Abuja zuwa Kaduna.

Wata hanyar da za a nuna maka ita ce Hellcat ta gwanjon motocin haɗari, wadda za ka ga kuɗinta ya yi daidai da na Scat Pack lafiyayya. Araha ba ta ado. Irin waɗannan ba a hankali suke yin haɗari ba, wasu kuma sato su aka yi aka tsince su bayan an gama wahalar da su. Fenti yana rufe abubuwa da yawa.

Kowacce ka tsayar, gani ya kori ji. Ka tuƙa duka biyun a hanyar da kake bi zuwa aiki, a lokacin cunkoso, ba zagayen minti biyar da dillali zai zaɓa maka ba. Ka nemi rahoton tarihin motar, sannan ka biya bakanike wanda ba na mai sayarwa ba ya ɗaga ta sama. A leƙa cikin mazaunin tayoyin baya, idan akwai ɓarɓashin narkakkiyar roba manne a jiki, an sha ƙona taya da ita. A kai ta wurin dillalin Dodge ya duba ko an taɓa kwamfutar inji, a Hellcat kuma a duba ko an canza fulin sufacaja zuwa ƙarami don ƙara matsi, a kuma saurari ƙarar gurnani daga gabansa, alamar boris ya fara gajiya. Ka tambaya ko an sa mata gyaran lambar sirrin nan na 2021. Idan robar kariya mai launin rawaya tana nan a leɓen bamba, a cire a ga abin da ke ƙarƙashi, don ta jigila ce kawai, barin ta yana tara yashi ya goge fenti.

A Scat Pack ɗin, abin da zan fi sa wa ido shi ne sanannen ciwon injinan HEMI, wato lalacewar 'yan ƙarafan da ke ɗaga bawul, waɗanda idan ɗaya ya ƙage yakan cinye kamshaf. An fi ganin sa a motocin da ake bari suna aiki a tsaye na dogon lokaci, ko ake jinkirta musu canjin baƙin mai. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka sa hannu a bonet ka tabbatar da sanyi, sannan a kunna. Ɗan ƙas-ƙas na daƙiƙa biyu ko uku da farko ba komai ba ne. Wanda ya ci gaba bayan inji ya yi zafi, yana ƙaruwa da ƙarin totur, ka bar musu motarsu. Idan za a iya ganin awannin da inji ya yi yana aiki, ka gwada su da mil ɗin da ta yi, in awannin sun yi yawa a kan tafiyar to ta sha zama a kunne. Sannan ka nemi rasiɗan sabis, ka tabbatar baƙin mai 0W-40 ake zuba mata, kuma a kan lokaci.